Babban taron wasannin tebur: yaushe kwalliya ke biyan kuɗin sabulu ga mai tashi daga Zariya?

Duk inda masu wasa suka kafa tebur a Zariya, ko a ɗakin ɗalibai ne a Samaru ko a ƙofar shagon wani a Sabon Gari bayan an tashi kasuwa, in zama ya yi zama sai wani ya zaro waya ya nuna bidiyon babban taron wasannin tebur na Essen a Jamus. Zaure bayan zaure cike da tebura, mutane na jan akwatuna maƙare da kwalayen wasa. Daga nan sai tambaya ta biyo baya: in mutum ya samu hali, ya dace ya je? Amsar ta rataya ne a kan abin da za ka je yi. Ga yawancin masu wasa a garin nan, shawararmu ita ce su fara da taron da ake yi a Abuja, ragowar kuɗin kuma su zuba shi a kan teburinsu na gida. Akwai kuma waɗanda tafiyar Turai za ta biya su da gaske, kuma su ne suka fi buƙatar shiri.

Wasannin tebur sun haɗa har da dara da lido da karta da muka tashi muka tarar. Amma tarukan nan an gina su ne a kan wasannin zamani da ake sayarwa a kwali: allo mai kauri, katuna, 'ya'yan katako ko na roba, da ɗan littafin dokoki. Catan na Klaus Teuber, wanda ya fito a 1995, ta ƙofarsa mutane da yawa suka shigo, sai Carcassonne da Ticket to Ride da Azul da danginsu.

Kowane taro da halinsa

Kuskuren farko shi ne ɗaukar tarukan duk abu ɗaya. SPIEL, da ake yi a birnin Essen na Jamus tun 1983, baje koli ne kafin komai. Kwana huɗu ake yi a watan Oktoba, Alhamis zuwa Lahadi. A 2024 an ƙirga shigar mutane sama da 200,000 a kwanakin nan, har tikiti ya ƙare. Sababbin wasanni sama da 1,000 ake bajewa a shekara. Ana buɗe ƙofa da ƙarfe 10 na safe a rufe da 7 na yamma, ranar Lahadi kuwa da 6. Wanda ya je yana zaton zai zauna ya buga wasa mai tsawo cikin natsuwa zai dawo da takaici, domin wurin na ɗanɗanawa ne, da saye, da ganawa da kamfanoni.

Gen Con kuwa na Amurka ne. Gary Gygax, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan Dungeons & Dragons, shi ya fara shi a 1968 a garin Lake Geneva, kuma tun 2003 a Indianapolis ake yinsa, ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. Mahalarta sun haura 70,000 a 2024. Can wasa ake zuwa yi, dare da rana, musamman irin wanda mutum ɗaya ke jan labari sauran suna taka rawar jaruman ciki. Sai dai katin shiga bai wadatar ba. Yawancin zaman wasan kowane da nasa tikitin, ana buɗe rajistarsu tun wajen watan Mayu, kuma waɗanda aka fi so ba sa daɗewa. Ga ɗan Najeriya, babbar katangar biza ce. Kuɗin nema kaɗai dala 185 ne, ba a mayarwa in an hana, a Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta shiga ɗaya mai wata uku, kuma sharuɗɗan sai ƙara tsauri suke yi. In ba ka riga ka riƙe biza mai aiki ba, ka cire Gen Con daga lissafinka.

Na uku shi ne UK Games Expo a Birmingham ta Ingila, kwana uku, Juma'a zuwa Lahadi, ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Bai kai Essen girma ba, amma yana da abubuwa uku da suka dace da mu: komai da Turanci ne, ana ci gaba da wasa da dare bayan an rufe rumfuna, kuma akwai sashen da mutane ke kawo tsofaffin wasanninsu su sayar da araha. Zauren NEC da ake yinsa yana maƙwabtaka da tashar jirgin ƙasa ta Birmingham International, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci daga Landan. Abin lura ɗaya: a 'yan shekarun nan yana faɗowa kusa da Babbar Sallah, lokacin da aljihun magidanci ya riga ya ji jiki.

Fara da Abuja

Ba sai an tsallaka teku ba kafin a ga taro. Kamfanin NIBCARD Games na Kenechukwu Ogbuagu yana shirya AB Con, taron wasannin tebur na Afirka, a Abuja tun 2016, kuma a 2021 kamfanin ya karɓi lambar yabo ta Diana Jones, wadda masu harkar nan a duniya ke girmamawa. Ka riƙa bin shafukansu don ka san ranar da suka sa a kowace shekara.

Daga Zariya zuwa Abuja kusan kilomita 270 ne. Ko dai ka hau mota daga Kwangila kai tsaye, ko ka sauka Kaduna ka kama jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Kubwa ko Idu. In jirgin za ka bi, ka sayi tikiti ta intanet da zarar an buɗe sayarwa, da lambarka ta NIN a hannu, domin na ƙarshen mako ba ya jira. Ka bar Zariya da sassafe yadda ko wani abu ya tsare ka a hanya ba za ka rasa jirgin ba. Kada ka yi tafiyar dare a kan wannan hanya saboda wasa.

Wannan 'yar tafiya ita ce ma'aunin babbar. A cikinta za ka gane ko kana iya zama da baƙin da ba ka taɓa gani ba ka koyi sabon wasa cikin minti goma, ko hayaniyar zaure na kashe maka jiki bayan awa uku, ko kana iya yi wa wani bayanin wasanka da Turanci ba tare da ka daburce ba. Wanda wuni ɗaya a Abuja ya gundure shi, kwana huɗu a Essen azaba za su zame masa. Ƙari a kan haka, mutanen da za ka haɗu da su a Abuja su ne za ka ci gaba da hulɗa da su: masu buga wasanni a cikin ƙasa, masu zane, malaman makaranta da ke koyarwa da wasa. Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Wellington Jighere ya ci gasar Scrabble ta duniya a Perth ta Ostareliya a 2015, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi hakan.

Wa tafiyar waje za ta biya?

Bari mu fara da wanda ba za ta biya ba, wato mai cewa zai je ya sayo wasanni da araha. Yi lissafin da kanka. Yawancin jiragen da ke tashi daga Abuja ko Kano zuwa Turai suna ba da akwati biyu, kowane kilo 23, jimla 46. Cire nauyin akwatunan kansu, kilo 4 kowane, ka cire kamar kilo 8 na tufafi da takalma. Saura 30. Matsakaicin kwalin wasa yana da faɗin santimita 30 ta kowane gefe da kaurin kamar 7, nauyinsa kilo ɗaya zuwa biyu. Wasa 20 ke nan in ka yi dabara, kuma sau da yawa wuri ne zai ƙare maka kafin nauyi. Ko da kowane kwali ya zo maka da rangwamen yuro 15 a kan abin da za ka biya in an aiko maka da shi, yuro 300 ka tsira da su, abin da bai kama ƙafar kuɗin jirgi ba. In wasa kawai kake so, kuɗin tafiya ɗaya zai cika maka kanta guda ta hannun 'yan'uwa da abokai masu dawowa daga waje, har ka yi wa majalisarku tebur mai kyau da fitilar sola.

Mutum uku ne muke ganin kwalliyarsu za ta iya biya. Na farko mai ƙirƙirar wasa da ya riga ya gama aikinsa yana neman kamfanin da zai buga. Na biyu mai shago ko mai niyyar buɗe wurin shan shayi da wasa, wanda ke buƙatar dillalin da zai riƙa ba shi kaya a farashin sari. Ga waɗannan biyun zuwa da kai ya fi aike, domin saƙon imel daga Najeriya sau da yawa ba ya samun amsa, amma wanda aka zauna da shi aka ga fuskarsa ba a mantawa da shi da wuri. Na uku shi ne wanda wata hidima ta riga ta kai shi can, kamar malamin jami'a da ke da taron ilimi a Jamus a watan Oktoba, ko ɗalibi mai karatu a Ingila. Shi kuɗin jirgin ƙasa da na shiga kawai zai ƙara, don haka babu dalilin da zai hana shi.

Mai ƙirƙirar wasa sai ya ji wannan da kyau. Ba a shiga Essen da wasa a jaka ana bin rumfuna ana sallama. Masu duba sababbin wasanni na kamfanoni suna cika jadawalinsu makonni kafin taro. Ka fara aika musu saƙo wata biyu zuwa uku kafin lokaci, kuma ka zaɓi kamfanin da ke buga irin naka. Kada ka kai wasan yaƙi na awa uku wa masu buga katunan yara. Ganawar ba ta cika wuce minti 20 zuwa 30 ba. Ka tanadi samfuri biyu cikakku, da dokoki a rubuce da Turanci mai sauƙi, da takarda guda mai shafi ɗaya ɗauke da sunan wasan, hotonsa a shimfiɗe, yawan 'yan wasa, tsawon lokaci, jerin kayan ciki, da lambarka. Katunan ka buga su a takarda mai kaurin giram 300 a wuraren buga takardu na Samaru ko PZ, ka yanke su daidai wa daida. Zane mai tsada ba ya cikin abin da ake dubawa, domin kamfani zai sake nasa.

Kafin duk wannan akwai gwajin da bai kamata a tsallake ba: ka miƙa kwalin da dokokin ga mutum huɗu da ba su taɓa ganin wasan ba, ka koma gefe ka kama bakinka. Duk inda suka tsaya suna gardama, dokarka ce ba ta fito ba. Sannan in daga dara ka ɗauko tushen wasanka, ka sani dara ita kanta, da gidajenta 30 da 'ya'ya 12 na kowane ɓangare da cin da ake yi in an jera uku, ba mallakin kowa ba ce, kuma kamfani ba zai biya ka a kanta ba. Abin da kai ka ƙara shi ne hajarka. Ko an karɓa, abin da mai ƙirƙira ke samu ɗan kaso ne daga ciniki, galibi ƙasa da kashi 10 cikin 100, kuma wasan kan ɗauki shekara ɗaya ko biyu kafin ya shiga kasuwa. Kada ka ci bashi da sunan za ka biya daga wannan kuɗi.

Biza da masauki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga mai nufin Essen a Oktoba, shiri daga Afrilu yake farawa, domin ana karɓar takardun neman bizar Shengen, wadda ake shiga Jamus da yawancin ƙasashen Turai da ita, tun saura wata shida, kuma samun ranar ganawa shi ne abin da ya fi cin lokaci. Kuɗin bizar yuro 90 ne, ba a mayarwa. Fasfonka ya kasance yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka baro can, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Dole ne inshorar lafiya ta tafiya da ta kai yuro 30,000. Tunda Jamus za ka fi daɗewa, wurin Jamusawa za ka nema, ko da ta wata ƙasar jirginka zai sauka.

Abin da mai duba takardu ke son gani shi ne dalilin da zai dawo da kai gida. Ma'aikaci ya kawo wasiƙar wurin aiki da takardar hutu da shaidar albashi. Ɗan kasuwa ya kawo rajistar CAC da bayanan asusun kasuwancin. Bayanan banki su nuna shige da fice na watanni. Kuɗi mai yawa da aka aro aka jibga a asusu mako biyu kafin ganawa yana cikin abubuwan da suka fi jawo a hana mutum, domin a fili yake ba nasa ba ne. Ka haɗa da tikitin shiga taron da saƙonnin kamfanonin da suka ba ka lokaci. Ka guji ejan ɗin da zai ce zai haɗa maka takardu. Takardar bogi guda ɗaya tana iya rufe maka ƙofa na shekaru. Wasu kamfanoni kan nemi masu taya su koyar da wasa a rumfa a ba su katin shiga da kwalaye a madadin lada. Kafin ka amsa, ka tabbatar bizar ziyara ta yarda da hakan, domin hukuma na iya ɗaukarsa aiki.

Kada ka biya kuɗin jirgin da ba a mayarwa sai biza ta fito. Masauki kuwa ka kama shi tun da wuri, irin wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba. Otal-otal na kusa da zauren taron suna cika watanni kafin lokaci, kuma farashinsu kan ninka a wannan mako. Mafita ita ce garuruwan da ke kewaye, Bochum da Gelsenkirchen da Mülheim da Duisburg, waɗanda jirgin ƙasa ke haɗa su da Essen cikin minti 10 zuwa 20. Ka nemi ɗakin da ke kusa da tasha. Daga babbar tashar Essen, jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba U11 ne ke kai mutane bakin zauren. Filin jirgin sama mafi kusa shi ne na Düsseldorf. In kuma jirgin Abuja zuwa Frankfurt ka hau, akwai jirgin ƙasa mai sauri daga cikin filin jirgin zuwa Essen, kamar awa biyu. Mai tashi daga Kano zai samu jiragen da ke bi ta Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha, wani lokaci da sauƙin kuɗi amma da doguwar jira.

Ka gwada katin bankinka a wani shafin waje tun kana gida, ka san iyakar abin da aka yarda ka kashe. Ka kuma riƙe tsabar yuro, domin ƙananan rumfuna da yawa sun fi son kuɗi hannu. In ka gama jera jirgi, biza, inshora, kwana biyar na masauki, abinci, zirga-zirga, zuwa Abuja ko Legas don biza, da kuɗin sayayya, ka ƙara kashi 15 cikin 100 a kai saboda motsin naira tsakanin ranar lissafi da ranar biya.

A cikin zauren

Makonni kafin taro, shafin BoardGameGeek yana fitar da jerin wasannin da za a baje a Essen, da lambar zaure da ta rumfa. Ka zauna da shi ka tace. Kada jerinka ya wuce wasa 20, domin in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ka jera su zaure-zaure yadda ba za ka yi ta kai da komowa ba. Waɗanda ake samu a Board Game Arena, shafin buga wasannin tebur ta intanet, ka gwada su a waya tun daga gida, ka rage wa kanka aiki.

Ga yadda teburin gwaji yake. Tebur ne na mutum huɗu, an shimfiɗa wasan, ga ma'aikacin rumfa sanye da rigar kamfani yana bayani da muryar da ta fara dishewa tun ranar Juma'a. Za ka tsaya a gefe ka tambaye shi yaushe kujera za ta samu, da kuma ko bayanin da Turanci zai yi. In ka zauna, zagaye biyu ko uku za ku buga, minti 20 zuwa 40, sai a kwashe a jera wa na bayanku. Gwaji biyar zuwa bakwai a wuni shi ne abin da jiki ke iya ɗauka. Alhamis da Juma'a sun fi sarari, Asabar kuwa ko juyawa da wuya. Wasan da aka kawo kaɗan ka saye shi safiyar Alhamis. Wanda ke jibge tuli-tuli ka bar shi sai yammacin Lahadi, lokacin da wasu masu rumfa ke karya farashi don kada su koma da kaya.

Kafin ka miƙa kuɗi, juya kwalin ka duba bayansa. Kwalin Jamusanci da na Turanci sau da yawa hoto ɗaya ne a gaba, kuma mutane na dawowa gida da katunan da ba mai iya karantawa. Sannan ka auna wasan da majalisarku ta Zariya, ba da zauren Essen ba. In kuna taruwa mutum shida zuwa takwas, wasan mutum biyu zuwa huɗu zai bar rabin jama'a suna kallo. In lokacinku tsakanin Magariba da Isha'i ne, na minti 30 zuwa 45 shi zai riƙa saukowa daga kanta, na awa uku kuwa sai ƙura ta rufe shi. Ka duba girman rubutun katunan da launukan 'ya'yan, domin in an ɗauke wuta aka kunna fitilar caji, ja da ruwan lemo kan zama ɗaya, haka shuɗi da kore. Ka kuma duba abin da wasan ya ƙunsa. Akwai masu kyau da aka gina a kan harkar giya ko tsafi, ko masu hotunan da ba za ka iya shimfiɗawa gaban iyali ba. Akwai kuma gidajen da ba a yarda da duk wasan da ake jefa ƙwaya irin ta lido ba, saboda kamarsa da caca da kuma abin da malamai suka faɗa a kai. Wasannin da babu ƙwaya a cikinsu suna da yawa, Azul da Carcassonne da Ticket to Ride duk suna ciki.

Sanyin Oktoba a can ya fi na tsakiyar hunturunmu, ga yayyafi, amma cikin zauren zafi ne saboda jama'a. Ka sa tufafi hawa-hawa da za ka iya cirewa, da takalmi sau ciki wanda ƙafarka ta saba da shi. Fasfo da kuɗi su zauna a aljihun ciki. Azahar da La'asar da Magariba duk za su riske ka a zauren, don haka ka riƙe 'yar darduma mai naɗewa ka tambayi ma'aikata wurin da babu hayaniya. Akwai masallatai a Essen, da yawansu a unguwannin arewa irin su Katernberg da Altenessen, zauren kuwa yana kudu da tsakiyar gari, don haka Juma'a za ta ci maka kamar awa uku. Kada ka sa ganawa a lokacin. A mazhabar Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke kasaru, kuma wanda zai halarci taron duka ya riga ya kai haka. In taron ya faɗo a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, a daren ne ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai lokacinsu ya zo daidai da namu. Ka lura da wannan saboda Asuba da kuma jirginka.

Abincin cikin zauren da tsada, kuma yawancin naman da ake gasawa a can na alade ne. Shagunan Turkawa suna ko'ina a garuruwan nan, ka tambaya ko na halal ne ka ci ka ƙoshi da dare, da rana kuma burodi da dabino da ruwa su riƙe ka. Kada ka ɗauki kilishi ko dambun nama daga gida. An hana shiga Tarayyar Turai da nama ko kayan madara a jakar matafiyi, za a ƙwace, kuma ana iya cin tararka. Ranar Lahadi kantuna a Jamus a rufe suke, sai ka yi tanadi tun Asabar.

Akwati da dawowa gida

Kowane dare ka buɗe abin da ka saya a ɗakinka. Ka ƙirga kayan ciki da jerin da ke littafin dokoki, domin in kati ɗaya ya ɓace gobe za ka koma rumfar a ba ka, daga Zariya kuwa sai dai haƙuri. Ka ɓalle 'ya'yan kwali daga allunan da suka zo a ciki ka zubar da ragowar. Wannan kaɗai na rage nauyi sosai. Ka zuba 'ya'yan a ƙananan ledoji masu zif, ka cusa ƙananan kwalaye cikin manya, ka cike gurabe da safa da singileti don kada kusurwa ta murƙushe. Kwalayen su tsaya a tsakiyar akwati, tufafi su kewaye su. Ɗan sikelin rataye na auna kaya zai cece ka daga biyan kuɗin ƙarin nauyi a filin jirgi.

Harajin kaya a Jamus kashi 19 cikin 100 ne, kuma mazaunin wajen Tarayyar Turai na iya neman a mayar masa in rasit ɗaya ya haura yuro 50. Sai dai mai rumfar ne zai cike maka takarda, ba duka ke yi ba, kuma dole jami'in kwastan ya buga hatimi kafin ka miƙa akwatin. Ka adana duk rasit saboda kwastan ɗinmu. Kwali ɗai-ɗai na wasanni daban-daban kayan amfanin kai ne a ido, amma kwafi goma na wasa ɗaya haja ce, kuma za a nemi ka biya. Mai shago ya fi dacewa ya yi yarjejeniya da dillali a can, kayan su biyo baya ta hanyar jigila da takardunsu.

Kwalayen nan an yi su ne don wani yanayi daban da namu. Iskar hunturu na busar da allo ya lanƙwashe, katuna su kumbura ta tsakiya. Damina kuma na sa su yi laushi su kama wari, gara kuwa ba ta da abincin da ya fi kwali. Ka sayo rigunan leda na katuna tun a can daidai da girman katunan kowane wasa, domin girman ya bambanta kuma samunsu a nan da wuya. Ka ajiye wasannin a kanta mai nisa da ƙasa, ba jingine da bango ba, a cikin babbar roba mai murfi in da hali, da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi. Allon da ya lanƙwashe ka kifa shi a kan tebur ka ɗora masa littattafai masu nauyi kwana biyu.

Saƙonnin godiya ga kamfanonin da ka gana da su ka aika cikin mako guda, da dokokin wasanka a haɗe, tun ba su manta fuskarka ba. A majalisa kuma kada ka zube kwali ashirin rana ɗaya. Ka fito da guda ɗaya, mafi sauƙi, wanda ka riga ka karanta dokokinsa sau biyu ka buga shi kai kaɗai a ɗaki. Ku yi mako biyu a kansa har wani a cikinku ya iya koyar da shi ba tare da kai ba, sannan ka buɗe na biyu.